Kawu da Lambar Biyu da Rabi

Daga Allah muka zo, ga shi kuwa ɗaya bayan ɗaya muna komawa. Kawu, yayan mahaifiyata, ya koma wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa da ke Tawa, bayan jinyar wata uku. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni mace ce, ban bi gawa ba, amma waɗanda suka je sun ce sahu ya yi tsawo har ya fita daga inuwar bangon masallaci.

Kwana uku muna zaune a tsakar gida muna karɓar gaisuwa, kowa ya zo da Kawun da ya sani. Tsofaffin abokan aikinsa na ƙididdiga suka zo cikin manyan rigunan da yanzu suka yi musu yawa, suka ce mutum ne mai wuyar sha'ani, amma ba a taɓa mayar masa da takarda don gyara ba. Wata mai awon hatsi a babbar kasuwa ta shigo tana share hawaye da bakin zane, ta ce, "Shekara talatin shina zagin tiyata, wai gindinta ya lotsa. Yanzu wa za shi zage ta?" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Mahaifiyata kuwa magana ɗaya take ta maimaitawa ga duk wanda ya durƙusa gabanta: ya riga ta zuwa duniya, ga shi ko a nan ma sai da ya riga ta.

Ran sadakar uku, bayan an shafa fatiha, sai ga baƙi su biyar sun sauko daga bayan wata motar kasuwa. Mutanen wata tunga ne da ke kan dutse, arewa da Takanamat. Ba zan faɗi sunanta ba. Maza huɗu suka zauna a zaure, mace ɗaya ta shigo cikin gida da ƙwaryar gero a ka. Babbansu, mai tungar, tsoho ne da kunnensa ya yi nauyi, saboda haka in zai yi magana sai ya ɗaga murya, har mu da ke cikin gida muka ji shi sarai.

Ya ce, "Mun zo mu hwaɗi gaban jama'a. Abin da mutumin ga yay yi muna, mun yahe mishi, duniya da lahira."

Liman ya ce Allah ya saka da alheri, aka ce amin, ba wanda ya tambayi abin da aka yi, don ba a tonon mamaci. Mahaifiyata ta dubi mutane ɗaya-ɗaya, ba ta gane komai ba. Inna, matar Kawu, ba ta dubi kowa ba sai ni.

Bari in faɗa tun yanzu, don kada mai karatu ya yi ta lalube. Kawu bai yi wa mutanen nan komai ba. Ni na yi. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da laifina a wurinsu, kuma da na ci gaba da zama a tabarmar nan bakina rufe, da haka za su koma gida, su gaya wa jikokinsu cewa sun yafe wa wani maci amana. Amma kafin in kai ga abin da na yi a ranar, sai na faɗi wane ne shi.

Ina da shekara bakwai ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Afala, bayan mahaifina ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan, shekara ta juyo ba shi ba labarinsa. Ya sa ni lakwal, makarantar boko, ya ce wa mahaifiyata ta bar masa sauran. Aikinsa shi ne yawon ƙauyuka da takardun tambaya, fishi yake ce musu, yana rubuta abin da aka shuka da abin da aka girbe. A kan fishin kowane amfani da lambarsa: gero ɗaya, dawa biyu, wake uku. Wata rana da la'asar, ina kwance a gefen tabarmarsa ina haddar lissafi, ya ce, "Ɗiyata, in an gama ɗaya da uku an raba biyu, nawa ke nan?"

Na ce biyu, ina jin kaina.

"Madalla. To tashi ki gama gero da wake, ki raba biyu, ki kai ma innakki dawa ta yi muna tuwo."

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Inna ta yi dariya har ta saki muciya. Ya jawo ni ya zaunar, ya ce, "Wagga lamba suna ta, ba lissahi ba. Ba a gama suna, ba a raba shi. Lambobi ɗaki huɗu su ka kwana, duk wanda yag gama musu shimhiɗa ya jawo ma kainai."

Sauran ɗakunan ban same su a rana ɗaya ba, kuma ba da allo ya koya mini su ba. Na biyun da kuka na same shi. Ina aji biyar, kullum ni ce ta ɗaya, sai wani zango na zo ta biyu. Na ƙi cin abinci, na shige bayan randa na zauna. Kawu bai rarrashe ni ba, bai iya ba. Ya sa hularsa ya tafi gidan mushe, malamin ajinmu, da tsakar rana, ya sa mutumin ya buɗe masa kaye, littafin maki, ya dawo da cuku a aljihu. Ya tsuguna a bakin randa ya ce tsakanina da ta ɗaya rabin maki ne, tsakanina da ta uku kuwa sai an yi tafiya. "Ɗaya, biyu, uku, lambar jeri ta. Tana hwaɗa miki wa ag gaba. Ba ta hwaɗa miki nisan da at tsakani. Hito ki ci cuku." Na fito na ci. Ban taɓa ganin wani babba ya ratsa rana saboda kukan yarinya ba sai shi.

Na ukun rigima ce da ta shekara ashirin ba a kashe ta ba. Maƙwabcinmu, wani mushe mai son gardama, duk bazara in rediyo ta faɗi awon zafi sai ya leƙo ta katanga ya ce yau arba'in ne, lokacin sanyi kuwa ashirin ne, ke nan zafi ya ninka. Kawu ya ce bai ninka ba. Ya ce zero ɗin awon zafi, wato sifirinsa, mutane ne suka zauna suka dasa shi inda ruwa ke daskarewa, ba wai a nan zafi ya ƙare ba, don haka za ka iya cewa an ƙaru da ashirin, amma ba ka cewa an ninka. Mushe ya ce wannan son magana ne. Kawu ya ce son magana ai shi ne aikin mushe. Ran da Kawu ya rasu, mushen nan ya zauna a ƙofar gida tun safe har magariba bai ce uffan ba.

Ɗaki na huɗu kuwa sandarsa ce. Sandar magarya ce doguwa, ya tsattsaga ta taki-taki da wuƙa. In ya isa ƙauye ba ya yarda da baki, don ya san mutanenmu. Ka tambayi Ba'adare, mutumin yankinmu, yaya damina, ko rumbunsa ya zama ɗakin ɓera, zai ce maka an gode Allah, da dama. Kawu sai ya hau tsani ya zura sandar ta bakin rumbu har ta taɓa hatsi ko ta taɓa ƙasa. Yakan ce a nan kaɗai taki huɗu ya ninka taki biyu da gaske, a nan kaɗai kuma zero yake nufin babu. "Wancan zero na rediyo ba shi komi. Wanga shi ka kashe mutum."

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne ba zai san girman abin da nake faɗa ba. A wurinmu ba a leƙa rumbun mutum. Asirin magidanci ne, matarsa ma sai dai a ɗebo a miƙo mata. Kawu yakan yi rabin yini a zaune yana shan fura, yana tambayar lafiyar awaki, kafin ya kawo maganar. In ya kawo, alkawari ɗaya yake yi: daga shi sai takarda, kuma takardar za ta je inda za ta yi amfani. Da wannan alkawarin ya yi shekara talatin ana jingina masa tsani.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na shafa masa mai. Yana da baƙar magana, yana da riƙo, ba ya cewa na yi kuskure ko da gero ya zuba a shayi. Ya taɓa ƙaurace wa gidan surukinsa wata shida saboda an ce masa damin wannan gari da na wancan duk dami ne. Inna takan ce da za a auna haƙurinta da sandar nan, sai an ƙara mata tsawo.

Ni dai na bi sawunsa. Na yi karatun ƙididdiga a Yamai, inda na tarar ɗakunan nan huɗu na Kawu suna da sunayensu na Faransanci, ana ba da maki a kansu, na kuwa ci makin. Na dawo Tawa na samu aiki a wani purje, shirin agaji da ke raba abinci in shekara ta ɓaci. Aka ba ni tebur da ordinata, wato kwamfuta, ana ce mini Madam. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Kawu ya riga ya ajiye aiki a lokacin, yana noman gonarsa ta bayan gari.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Purje ya nemi tsofaffin hannu su zagaya ƙauyuka, aka kira Kawu aka ba shi yankin Takanamat. A kan fishin akwai tambayar yadda damina ta kasance, da amsa huɗu: ɗaya ta yi kyau, biyu da dama, uku ta yi rauni, huɗu ba a samu komai ba. Ƙa'idar purje ita ce duk garin da ya samu uku ko huɗu zai shiga jerin waɗanda za a kai wa hatsi.

Tungar da nake magana tana kan dutse, amma a takardun hukuma ba gari ba ce mai zaman kanta, tana ƙarƙashin wani babban gari ne da ke cikin fadama. Garin fadama ya samu hatsi a shekarar, Kawu ya rubuta masa ɗaya. Ya hau dutse, ya yi yini guda kafin mai tungar ya yarda, sannan magidanta suka jingina masa tsani ɗaya bayan ɗaya, matansu na kallo daga nesa. Ya rubuta huɗu. A gefen takardar kuma ya ƙara da bik, wato biro, da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa, cewa duk rumbun da ya leƙa sandarsa ƙasa ta taɓa, kuma ya tarar ana jiƙa anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da ba a ci sai yunwa ta kai wuya.

Fishin ya iso teburina ranar da za a rufe jeri. Shef, shugaban ofis, yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo, don kafin la'asar ake so a aika. Ordinata tana son lamba ɗaya ga kowane gari na hukuma, ba ta da gurbin tunga, ba ta da gurbin rubutun gefe. Sai na yi abin da ya fi sauri: duk garin da ke da tunga, na haɗa lambobinsu na raba, na fitar da mwayen, wato matsakaici. A yawancinsu gari da tungarsa halinsu ɗaya ne, ba abin da ya sauya. A wannan kaɗai ɗaya ya gamu da huɗu. Biyar, a raba biyu, biyu da rabi. Bai kai uku ba. Na ga rubutun Kawu a gefe, na gane hannunsa, na ce a raina zan dawo kansa. Na kife takardar na ɗauki ta gaba.

Ba zan ce ban sani ba. Yarinyar da aka fito da ita daga bayan randa da cuku ta san lambar jeri ba ta faɗin nisan da ke tsakani. Na san daga “ta yi kyau” zuwa “da dama” taku ɗaya ne, daga “ta yi rauni” zuwa “babu” kuwa rami ne. Na sani, na ɗauka ƙa'idar aji ce kawai, ta cin maki.

Bayan mako uku, ran Lahadi a kasuwar Tawa, Kawu ya gamu da wani mutumin tungar ya kawo akuyarsa ta ƙarshe. Ya yi masa sallama, mutumin ya kau da kai. Ran Litinin da safe sai ga Kawu a ofis da sandarsa. Bai zauna ba. Ya ce in nuna masa garin a cikin na'urar. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon lambar, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Mi na wanga?"

Na ce mwayen ne.

"Biyu da rabi. To tashi mu tahi ki gwada min gidan da ka cin biyu da rabi. Cikin hwadama na iske masu ɗaya. Bisa dutse na iske masu huɗu. Ina kinka iske wanga mutum?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma akwai abokan aiki biyu a ɗakin suna saurare, ni kuma Madam ce. Na ce masa, "Kawu, zamani ya sake. Manyan masana da yawa suna ɗaukar mwayen na irin wagga lamba, a Yamai ma an karantar da mu hakanan. Ba komi na ba a yi da sanda."

Maganar da na faɗa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa ta fi muni. Ana yin hakan, in ana tambayar mutane dubu ko sun ji daɗin wani abu. Ba a yi da rumbu biyu, ɗaya cike ɗaya wofi. Kawu ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Na yi musu alkawali, Madam." Ya juya ya fita. Tun ina shekara bakwai ɗiyata yake ce mini. Daga ranar na zama Madam a bakinsa.

Na gyara lambar a ranar, na rubuta wa shef cewa an samu kuskure wajen shigarwa. Ban rubuta wanda ya yi ba, shi ma bai tambaya ba. Amma hatsin zagayen farko an riga an rarraba shi a takarda, buhu-buhu, ba a taɓa shi. Na biyu bai fito ba sai da ruwa ya sauka, ƙorama ta yanke hanyar dutse. Sai da tungar ta yi kusan wata huɗu tana jira. Mazan da ke da ƙarfi suka watse bida, mata suka ci gaba da jiƙa anza, sannan ƙyanda ta shigo ta tarar da yara ba ƙarfi.

Kawu bai jira zagaye na biyu ba. Ya ɗebi buhu biyu daga abin da gonarsa ta ba shi, a shekarar da shi ma bai samu na kirki ba, ya hau motar kasuwa ya kai. Inna ce ta ba ni labarin abin da ya faru, shekaru bayan haka. Sun karɓi hatsin, don yunwa ba ta san fushi ba, amma mai tungar ya ƙi ba shi hannu. Ya ce, "Mun buɗe maka abin da ko matanmu ba su taɓa gani ba. Kal leƙa, kat tahi, anka kai ma waɗansu." Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Laihin daga gidana yat taso." Suka ɗauka ya amsa laifi ne. Bai ƙara kalma ɗaya ba.

Da ya dawo ya soke sandar a rufin zaure, bai sake sauko da ita ba. An sake kiransa aiki sau biyu, ya ce ƙafarsa na ciwo. Ni kuwa na ci gaba da aikina, aka ƙara mini girma, na yi aure, na haihu. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi yara, ya sa a kawo mini ruwa. Bai sake yi mini tambayar gero da wake ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Na yi shekaru ina jin haushinsa, in faɗi gaskiya. Da ya zage ni da na huta. Mutumin da ya yi wata shida yana gaba a kan girman dami, ga shi a kan wannan ya kulle bakinsa ya jefar da makulli.

A makonsa na ƙarshe, kafin a maido shi gida, muna gidan likita, wani matashin dokta ya shigo zagayen safe ya tambaye shi yaya jiki. Kawu, wanda ƙashin bayansa ya hana shi ko juyawa, ya ce, "Da sauƙi, an gode Allah." Da dokta ya fita na ce, "Kawu, har kai?" Ya yi murmushi idonsa a rufe, ya ce, "Rubuta huɗu, ɗiyata."

Na kifa kaina a bakin gadon na yi kukan da na shekara goma sha ɗaya ina riƙewa. Da na samu bakin magana na tambaye shi me ya sa bai gaya musu ba.

Ya ce, "Da sun ji ɗiya mace ta, mai boko, da an ce ga abin da karatun mata ka jawowa. Ɗiyansu mata ba su ƙara taka lakwal. Ni tsoho na, sunana ya gama aikinai." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Ban ɗauka don ki sauke min ba. In na tahi, kayan naki na. Ki yi yadda kinka ga ya dace."

To, ga ni ran sadakar uku, Inna na kallona. Matar da ta shigo da ƙwaryar gero ta zauna can kusa da randuna, inda baƙin da ba su san kowa ba suke zama. Ba ta kai hamsin ba, amma haƙoranta na gaba sun zube. Na dama fura na kai mata da kaina, na durƙusa. Muka gaisa, ta yi mini gaisuwar rashi, ta ce ai ita ba ta so zuwa ba, mai tungar ne ya ce mutuwa ta wuce gaba. Ta ce a waccan shekarar ta yunwa ta binne yara biyu, mace da namiji, tsakaninsu kwana tara.

Na ce, "Iya, ba shi na ba. Ni ta."

Ta ajiye ludayi. Na gaya mata a taƙaice, ba tare da na ɓuya a bayan shef ko ordinata ba. Na ce shi ya rubuta gaskiya, har ya ƙara da hannunsa cewa kuna cin anza. Takardar ta zo wurina. Garinku na fadama ya samu hatsi, ku ba ku samu ba, ni kuma na haɗa ku na raba biyu, sai ya fito kamar kowa yana da rabi.

Ta ce, "Kinka ba mu rabin hatsinsu."

Na ce, "A takarda."

"A takarda," ta maimaita. Ta dubi tafin hannunta. Can ta ce, "Shi ya san ke ta?"

Na ce ya sani tun watan farko.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce, "in ya biyo kasuwar Takanamat muna kau da kai. Har tohi na taɓa yi bayanai."

Ta miƙe ta fita zaure. Ban san abin da ta faɗa a kunnen tsohon ba, amma sai da ta faɗa sau biyu saboda nauyin kunnensa. Ina durƙushe inda ta bar ni. Ina jiran in ji an ambace ni a gaban mazan unguwa, da mijina, da abokan aikin Kawu. Sai muryar tsohon ta taso.

"Jama'a, maganad da niy yi ɗazu, na janye ta. Mutumin ga ba shi da abin da za mu yahe mishi. Mu ya kamata mu roƙe shi, ga shi kuwa ya tahi. Ku shaida."

Bai ambaci kowa ba. Liman ya sake jan fatiha, wannan karon ta yi tsawo. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na motsi, mahaifiyata na tambayarta me aka ce, me aka ce.

Matar ta dawo ɗaukar ƙwaryarta, an riga an juye geron cikin na sadaka. Na tare ta a bakin ƙofar tsakar gida, na kama gefen zanenta, na ce ta yafe mini don Allah. Ba ta fizge ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta tsaya ta dube ni sosai, kamar mai son ta riƙe fuskar.

Ta ce, "Ɗiyata, gahwara guda munka ɗauko daga gida. Shekaru munka yi muna tara ta. Tashi ta, ko ba shi bukata. Ba a raba ta biyu."

Ta ɗora ƙwaryar a ka ta fita, motar kasuwa na jiransu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya auna masa da mudun rahama ba da na adalci ba, ko da yake shi da na adalcin ma ba na jin zai yi asara. Sunansa ya fita a kan dutsen nan, wannan kaɗai na iya yi masa, kuma sai da ya mutu na yi. Ran sadakar bakwai Inna ta sa aka sauko da sandar daga rufin zaure, ta miƙo mini. Tana jingine a bayan teburina yanzu. Tawa gafarar ba a fara tara ta ba tukuna.